Paris-Dakar ya tafi, zargi bai tafi ba

Jama'a, masu sha'awar mota sun gaji. Duk haɗarin da ya auku, sai a ce ai 'yan tsere ne.

Zargin yana da asali. A Disamba 1978 Thierry Sabine ya buɗe tseren Paris-Dakar, motoci suka riƙa ratsa Agadas da Tenere, kuma sun sha banke mutanen ƙauye. A 2006 ma yara biyu suka mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Wannan ba musu.

Amma itacen Tenere da ke gidan tarihi na Yamai, direban kamyo ya kada shi a 1973, tun ba a fara tseren ba. A 2009 tseren ya koma Kudancin Amurka, hanyar Maraɗi zuwa Damagaram kuwa ba ta daina cin rayuka ba. To, yanzu wa za mu ɗora wa laifi?