Turancin Wa Za a Ɗauka Ma'auni? Hujja Daga Bakin Mutanen Jos

Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Jos, kamar takwarorinsu na sauran Nijeriya, suna zama jarrabawar furucin Turanci ta hukumar WAEC ba tare da sun buɗe baki ba. Tambayoyi 60 ne na canki-canka, a amsa su cikin minti 45: wace kalma ce wasalinta ya yi daidai da na wannan, wace gaɓa ake dannawa a waccan. Lafazin da ake auna su da shi kuwa shi ne wanda masana ke kira RP, na masu hannu da shuni a kudancin Ingila, wanda Daniel Jones ya tattara a ƙamusunsa na furuci a 1917. Akasarin malaman da suka shirya yaran ba sa magana da shi, haka ma masu tsara tambayoyin. Abin da nake son kafawa a nan shi ne wannan ma'auni bai dace da mu ba, kuma Jos, saboda tarihinta, ta riga ta nuna wanda ya fi shi dacewa.

Ko a Birtaniya RP na tsiraru ne. Masanin harshe Peter Trudgill ya ƙiyasta masu magana da shi ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Mutumin Glasgow da na Liverpool da na Newcastle kowa da bakinsa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba Turanci suke yi ba. Da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire, karanta labarai a 1941, masu sauraro sun yi ta ƙorafi. Yau tashar cike take da irin waɗannan muryoyi. Amurka ta daɗe da kama gabanta, Ostareliya ta fitar da nata ƙamus na Macquarie a 1981. Masanin harshe Braj Kachru ya kasa masu Turanci gida uku, ya sa Nijeriya da Indiya da Singafo a gidan da harshen ya yi saiwa har yana tsiro da ƙa'idojin kansa.

Jos ba ta taɓa karɓar Turanci iri ɗaya ba. Kuza ce ta jawo Turawan ma'adinai a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layin Fatakwal ya biyo ta Kafanchan a 1927, suka kwaso akawuna da masu sana'a Yarabawa da Ibo da Urhobo, da leburori da fatake Hausawa, aka sauke su a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Makarantun ma kowace da bakin malamanta. Mishan ɗin SUM da ya kafa makarantun Gindiri na Birtaniya ne, mishan ɗin SIM ya fi yawan mutanen Kanada da Amurka, limaman Katolika da sistocin da suka riƙe St. Murumba da St. Louis 'yan Ailan ne, Hillcrest kuma, wadda aka buɗe a 1942, tsarin Amurka ta bi. Yaron da ya tashi a garin ya ji Turanci ta kafofi da yawa, ga Hausa a kasuwa da coci da masallaci, ga Buroka a bariki da tasha. Babu wani zamani da RP ya zama abin da kunnen Bajoshe ya saba ji, balle a ce an bar shi an lalace.

Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna cewa lafazin Turancin Nijeriya ya rabu manyan gida biyu, na Hausa da na Kudu, kowanne da matakansa daga na mai ƙaramin ilimi zuwa na gogagge. Bahaushe kan cakuɗa p da f, ya mayar da v ta koma b, ya furta th kamar s ko z. Amma da yake Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, ba ya shan wahalar raba ship da sheep, abin da ke ba Bayarabe da Ibo ciwon kai. Bayarabe kan zubar da h a farkon kalma, wasu Tibi da wasu Ibo kan musanya l da r. Kowane harshen uwa yana da abin da ya ba mai shi da abin da ya hana shi. Muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa da duniya ta yaba, daga Kwalejin Katsina ta fito, inda aka ba furuci muhimmanci, amma kunnen Hausa aka gina ta a kai.

Abin da ya sa Jos ta zama abin nazari shi ne a nan waɗannan lafuzza suka zauna aji ɗaya, benci ɗaya, shekara da shekaru. Wanda ya tsaya a Terminus ko tashar Bauchi Road ya kasa kunne zai ji yadda mai shagon kayan waya Ibo ke ciniki da ɗalibar Ngas: a fara da Turanci, a gangara Buroka, a ƙulla farashi da Hausa. A ajin Jami'ar Jos kuwa, ɗan Unguwar Rogo da ɗan Pankshin da ɗan Langtang sukan sassauta abin da ya fi fita a bakinsu don a fahimce su. Ɗan Hausa ya gyara p ɗinsa saboda abokai sun yi dariya, ɗan Kudu ya dawo da h ɗinsa. A ganina abin da ya fito daga wannan gogayya lafazi ne na tsaka-tsaki, wanda da wuya ka ce ga ƙabilar mai shi, amma ba ka shakkar ɗan Nijeriya ne. Ba banza ba garin da ya karɓi Kwalejin Talabijin ta NTA da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ya yi ta fitar da masu gabatar da shirye-shirye da mawaƙa irin su M.I Abaga da Ice Prince, waɗanda ake ji daga Legas har Maiduguri.

Masana sun daɗe da hango wannan. A 1971 Ayo Banjo ya kasa Turancin Nijeriya kashi huɗu, ya ce na huɗu, mai kama da na Ingila sak, duniya na gane shi amma jama'ar gida ba sa karɓarsa. Mu ma mun san abin da ake ce wa mai magana ta hanci, iyayi. Na ukun ya zaɓa: nahawunsa daidai, waje na fahimtarsa, gida na yarda da shi. David Jowitt, Baturen da ya koyar a Jami'ar Bayero sannan a Jami'ar Jos har rasuwarsa a 2023, ya ƙarar da rayuwarsa yana bayyana wannan Turanci a matsayin abu mai tsari, tun daga littafinsa Nigerian English Usage na 1991.

Akwai mai cewa idan aka saki RP kowa zai yi abin da ya ga dama. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ban yarda a ce duk furuci daidai ne ba. Ma'aikaciyar jinya da ba ta raba pill da fill, ko malamin da ɗalibai ba sa gane fifteen yake nufi ko fifty, suna da gyara a gabansu. Sai dai bincike ya nuna inda gyaran yake. Brian Tiffen, da ya gwada yadda Turawan Birtaniya ke fahimtar ɗalibai Hausawa da Yarabawa a 1974, ya gano cewa danna gaɓar da ba ita ba da rikicewar kari sun fi komai toshe fahimta. Jennifer Jenkins a 2000 ta nuna cewa tsakanin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, yawancin baƙaƙe da tsawon wasali da danna kalmar da ake nufi su ne ginshiƙi, th kuwa ana iya musanya ta ba a rasa komai ba. Ke nan lokacin da ake ɓatawa ana sa yaro ya tura harshe tsakanin haƙora, gara a ba da shi ga p da f.

Mu Hausawa muna da abin dubawa a gida. Hausar Jos, wadda dubban Birom da Tarok da Mwaghavul ke rayuwa da ita, takan sassauta ƙ da ɗ da ɓ, takan kuma haɗe jinsin namiji da na mace. Bakano ya ji ya ce gwaranci ne. Amma da ita ake wa'azi a majami'un COCIN da ECWA, da ita ake sayar da dankali da kabeji a Farin Gada. Wanda ya ji zafin a raina Turancinsa saboda f, bai kamata ya raina Hausar maƙwabcinsa saboda ƙ ba. Hujjar guda ce a wuraren biyu.

Batun kuma ya wuce sauti. Birtaniya tana yafe wa mutanen Jamaika da Barbados jarrabawar ƙwarewar Turanci wajen neman biza, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin, don haka wanda ya yi karatu da Turanci tun firamare har digiri a Jos sai ya biya kuɗi ya tabbatar da Turancinsa, sau da yawa ta jarrabawar IELTS. Lafazin Kingston ta Jamaika bai fi na Rayfield ta Jos kusa da RP ba. Wannan hukunci ne na siyasa, kuma muna ƙarfafa shi duk lokacin da makarantun kuɗi suka karɓi ƙarin kuɗi a hannun iyaye don koya wa yara kwaikwayon bakin Landan.

Abin da ya fi damuna shi ne tushen lafazin Jos ɗin kansa yana raunana. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni sun rabu bisa addini, makarantu da yawa sun bi sahu. Yaron Gangare da na Tudun Wada ba sa haɗuwa a benci ɗaya kamar iyayensu, kuma lafazin tsaka-tsaki ba ya fitowa sai da cuɗanya. Shi ya sa aikin ke da gaggawa: sashen Turanci na Jami'ar Jos ya naɗi muryoyin gogaggun malamai da 'yan jarida da alƙalai na garin, daga kowace unguwa, a bayyana tsarin furucinsu a rubuce, a miƙa wa WAEC da NECO da makarantun horar da malamai irin na Pankshin da Gindiri, a kuma nemi jarrabawar furuci ta koma wadda ɗalibi zai yi magana a saurare shi.