Tiyatar maƙoƙo: Hannun likita da muryar majinyaci

Maƙoƙo kumburi ne na tayirod, wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro. Ya fi kama mata, kuma babban musabbabinsa shi ne ƙarancin sinadarin aidin a abinci.

Tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, amma cutar ba ta kau ba. A Kano, idan kumburin ya fara toshe wa ma'aikacin masana'anta a Sharada, Challawa ko Bompai numfashi, ko iyalinsa, ko kuma aka yi zargin ciwon daji, akan tura majinyacin babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko na Murtala.

Ƙaramar tsaga

Theodor Kocher na Suwizalan ne ya daidaita wannan tiyata, har ya sami lambar Nobel a 1909. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Paolo Miccoli na birnin Pisa a Italiya ya ɓullo da hanyar yin tsagar da ba ta wuce santimita 2 ba, a zura 'yar kamara. Tabon ƙarami ne, sai dai maƙoƙon da aka bari ya girma ba ya fita ta wannan kafa.

Abin da likita ya fi tsoro shi ne jijiyoyin murya guda biyu da ke bayan tayirod. Ba hanya ɗaya suke bi ba: ta hagu takan gangara cikin ƙirji sannan ta hauro kusan a miƙe, ta dama kuwa a karkace take zuwa. Idan aka raunata ɗaya murya ta dushe, wani lokaci har abada; idan duka biyun ne, numfashi na iya tsayawa.

A nan batun hannu ke shigowa. Cikin ƙuntataccen wuri, hannun da likita ya fi sabawa da shi kan isa wani ɓangaren wuya cikin sauƙi fiye da ɗayan. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, alhali galibin almakasan tiyata don na-dama aka ƙera su, kuma a ƙasar Hausa tun yarinta ake hana yaro aiki da hagu.

Amma abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne tasirin sabo. Wani nazari na masanan Jami'ar Duke ta Amurka a 2017 ya nuna cewa matsaloli sun fi ƙaranci a hannun likitan da ke cire tayirod fiye da sau 25 a shekara.