Modareta

Modareta kalma ce da Hausa ta aro daga Turanci, inda ake rubuta ta moderator. Tana nufin mutum, ko wani abu, da aikinsa shi ne daidaita al'amari don kada ya wuce gona da iri. An fi jin ta a bakin ɗalibai, malaman makaranta da 'yan jarida, kuma akasari mai jagorantar muhawara ake nufi. Sai dai tana da wasu ma'anoni a fannin jarrabawa, shugabancin coci, kimiyyar nukiliya da ƙididdiga. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara dukkan waɗannan ma'anoni, shi ya sa fassararta ke sauyawa daga fanni zuwa fanni.

Asali da furuci

Turanci ya samo kalmar daga Latin. A can, aikatau moderari na nufin sa wa abu iyaka ko riƙe masa linzami, shi kuma ya fito ne daga modus, wato ma'auni ko gwargwado.

Da ta shigo Hausa, sai ta bi sahun sauran kalmomin aro irinta: baƙin ƙarshe ya faɗi, kalmar ta ƙare da wasalin a, kamar yadda aka samu darakta, edita, sanata da farfesa. Wasu kan ce modireta. Ko da yake yawancin sunayen da ke ƙarewa da a mata ne a nahawun Hausa, irin waɗannan sunayen muƙami jinsin mai muƙamin suke bi. Ana cewa modaretan taro idan namiji ne, modaretar taro idan mace ce. Jam'inta modaretoci, daidai da editoci da sanatoci.

A muhawara

Wannan ita ce ma'anar da ta fi yaɗuwa. Modareta shi ne yake buɗe zama, ya gabatar da maudu'i da masu magana, ya raba lokaci, ya jefa tambayoyi, ya kuma tsawatar idan aka kauce hanya ko aka koma cin mutunci. Ba ya goyon bayan kowa, kuma ba shi ke bayyana wanda ya yi nasara ba. A muhawarar 'yan makaranta aikin a rarrabe yake: akwai mai jagorantar zama, akwai alƙalai masu ba da maki, akwai mai kula da lokaci.

Talabijin ne ya ɗaga darajar wannan aiki. Ɗan jarida Howard K. Smith ne ya jagoranci muhawara ta farko tsakanin John F. Kennedy da Richard Nixon a Amurka ranar 26 ga Satumba, 1960. A Najeriya, M.K.O. Abiola da Bashir Tofa, ɗan Kano, sun yi muhawara a talabijin gabanin zaɓen 12 ga Yuni, 1993. A watan Maris na 2011, Kadaria Ahmed ta jagoranci muhawarar tashar NN24, wadda Muhammadu Buhari, Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau suka halarta, shugaba mai ci Goodluck Jonathan kuwa bai je ba. A rediyo, mai gabatar da shirin Ra'ayi Riga na BBC Hausa irin wannan aiki yake yi tsakanin baƙi da masu sauraro.

Kalmomin Hausa da ke kusa da ita

Nan ne masu fassara suka fi shan wahala, domin kowace kalmar da ke kusa tana ɗauke da wani abu da modareta ba shi da shi. "Alƙalin muhawara" ta yaɗu, amma alƙali hukunci yake yankewa, saboda haka mai sauraro zai zaci shi ne zai faɗi gwani. "Mai gabatarwa" ta yi rauni, domin ba ta nuna ikon katse mai magana ba. "Mai shiga tsakani" da "mai sulhu" suna nuna akwai rikicin da ake son kashewa, alhali modareta ba ya neman ɓangarori su shirya, burinsa kowa ya samu damar faɗin nasa. Sanƙira kuwa, mai shela a wurin biki, aikinsa sanarwa ne da kambama jama'a.

Misalin da zai ƙara fito da bambancin shi ne dillali. A kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, dillali na tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, yana lallashin wannan ya ƙara, wancan ya rage. Amma yana da la'ada idan ciniki ya faɗa, don haka yana da buƙata a cikin sakamakon. Modareta na gaskiya ba shi da ribar da ta rataya ga yadda zama ya ƙare.

Da a ce za a ƙirƙiro kalma ta hanyar da Hausa ta saba gina sunan mai aiki, kamar marubuci daga rubuta, to daga daidaita sai a samu madaidaici. Matsalar ita ce tuni wannan kalma ta zama sifa mai nufin matsakaici, kamar a ce madaidaicin gida. Wannan ya sa aka koma ga "mai daidaitawa" da "jagoran muhawara". Ta biyun ta fi dacewa a harkar muhawara. Kada kuma a rikita modareta da "mai sassaucin ra'ayi" a siyasa: a Turanci tushensu ɗaya, amma ma'anarsu daban.

A jarrabawa

A manyan makarantun Najeriya, modareta shi ne malamin da ke duba tambayoyin jarrabawa kafin a ba ɗalibai. Yana tabbatar da cewa sun yi daidai da manhaja, ba su cika tsauri ko sauƙi ba, kuma makin da aka ware wa kowace tambaya ya dace da nauyinta. Bayan an yi maki, yakan ɗebi wasu takardu ya sake dubawa don ganin ko mudu ɗaya aka auna wa kowa. Kwalejojin ilimi sukan gayyato irin wannan malami daga wata makaranta. A jami'o'i, irin su Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, an fi gayyato mai dubawa daga waje saboda 'yan ajin ƙarshe. "Mai tantance jarrabawa" ita ce fassarar da ta fi kusa.

A coci

A ɗariƙar Firesbiteriya, modareta muƙami ne na wanda ke shugabantar babban taron coci. A Cocin Sikotilan shekara ɗaya yake yi a kan kujera. Cocin Firesbiteriya ta Najeriya, wadda tushenta ya faro a Kalaba a 1846, ita ma tana amfani da wannan laƙabi.

A kimiyyar nukiliya

A nan modareta ba mutum ba ne, wani abu ne da ake sawa a cikin tukunyar nukiliya don rage gudun ƙwayoyin niyutiron. Idan ƙwayar zarra ta yuraniyom-235 ta tsage, niyutiron ɗin da ke fita suna gudun kimanin kilomita 20,000 a daƙiƙa. Da irin wannan gudu, da wuya su tsaga wata ƙwayar. Sai sun yi ta karo da ƙwayoyi marasa nauyi har gudunsu ya sauka zuwa kusan kilomita 2.2 a daƙiƙa, sannan tsagewar ke ɗorewa. Kamar ƙwallon sunuka ne: idan ya bugi ɗan'uwansa mai nauyi ɗaya da shi, sai ya miƙa masa yawancin ƙarfinsa, amma idan bango ya buga, da gudunsa zai dawo. Shi ya sa ruwa ke aiki sosai, domin cibiyar ƙwayar haidirojin kusan nauyinta ɗaya da niyutiron.

Abubuwan da aka fi amfani da su su ne ruwa, ruwa mai nauyi da girafayit, wani nau'in kabon irin na bakin fensir. Girafayit Enrico Fermi da abokan aikinsa suka sa a tukunya ta farko a duniya, wadda ta fara aiki a Chicago ranar 2 ga Disamba, 1942. Ƙaramar tukunyar bincike ta NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta soma aiki a 2004, ruwa ne modaretanta.

A ƙididdiga

Masu binciken halayyar ɗan Adam da zamantakewa suna kiran wani dalili na uku modareta idan yana sauya ƙarfin alaƙar da ke tsakanin abubuwa biyu. Misali, yawan karatu na iya ɗaga makin ɗalibi, amma ɗagawar ta fi ƙarfi ga mai samun isasshen barci. A wannan misali, barci ne modareta. Maƙalar da Reuben Baron da David Kenny suka wallafa a 1986 ita ce aka fi kafa hujja da ita wajen bayyana wannan ma'ana.