Turancin Da Ba A Rerawa

Mu a kudancin Katsina ba mu taɓa ƙarancin mawaƙa ba. Musawa ta ba mu Shata, Funtua ta ba mu Barmani Choge, Kahutu ta ƙasar Ɗanja ta ba mu Rarara. A da, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, da wuya ka shiga ƙauyen da babu makaɗin gayya ko na 'yan tauri ko mai kalangun mahauta. Abin da muka rasa, har yau kuma muke nema, shi ne wanda zai karanta wa mawaƙi takardar da aka miƙo masa kafin ya sa hannu. Na fi shekara ashirin a wannan harka, daga shagon kaset zuwa situdiyo, kuma a gaban idona Turanci ya shigo sana'armu ta ƙofar da ba mu tsare ba.

Iyayenmu makaɗa ba su da wata hulɗa da shi. Makaɗi yana da ubangida, sarki ne ko attajiri ko sarkin noma. Ya yi waƙa a ba shi riga, ko doki, ko dami, wani lokacin har kujerar Makka. Ciniki ne na baki da baki a gaban jama'a, wanda ya saɓa kuma ya san gobe sunansa zai fito a wata waƙar. Shata, da aka haifa a 1923, ya je Ingila da Amurka da kalangunsa, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa da Hausa tsantsa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Bai taɓa buƙatar sauya harshen waƙarsa ba. Amma tun a zamaninsa takarda ta riga ta iso. Kamfanonin faifai irin su EMI da Turanci suke rubuta yarjejeniya, makaɗan gargajiya da yawa kuma sai dai tafinta ya taƙaita musu shafi huɗu cikin magana biyu, su dangwala yatsa, su karɓi abin da aka ba su sau ɗaya. Jin muryarka a Rediyon Kaduna ma a lokacin ya ishi mutum alfahari, wa zai tsaya tambayar kaso?

Turancin farko da 'yan zamaninmu suka koya na inji ne. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano wajen ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya maye gurbin kalangu a waƙoƙin fim, daga baya kwamfuta ta shigo. Duk abin da ke rubuce a fuskarta Turanci ne. Mun haddace kalmomin kamar yadda almajiri ke haddace allo: nan ake ƙara amo, nan ake rage shi, nan ake ajiye aiki. Na san yaran da ba su gama firamare ba amma suna haɗa kiɗa fiye da masu digiri. Wannan Turancin bai wahalar da kowa ba, domin injin ba ya cutarka. In ka danna ba daidai ba, ka ji da kunnenka.

Na biyun ne ya ci mu. Bayan wayar salula ta zo a 2001, kamfanonin sadarwa suka fara sa waƙa a matsayin kiɗan jiran kira, aka sami dillalai masu bin mawaƙa da fom. Ba na manta wani yaro daga yankin Faskari, mai murya kamar sarewa, da ya shigo mini da fara'a ya ce, "Kawu, an saye waƙata." Na karɓi takardar na duba. Turancina na sakandare ne, amma ya isa in gane jimla guda: ya sallama waƙar, da duk wadda zai yi cikin shekara biyar, a ko'ina a duniya, har abada. Na ce, "Ɗana, ka sa hannu?" Ya ce tun jiya. Kuɗin da aka ba shi ko babur ba za su saya ba. Ya yi karatu fa, yana iya gaisawa da Turanci, har yana cusa shi a baitocinsa. Sai dai Turancin gaisuwa daban, na lauya daban. Tun daga ranar na sayi ƙamus, na fara tara tsofaffin kwantiragi ina bin su kalma bayan kalma.

Abin da na fahimta shi ne kalmomin da ke yanka mawaƙi ba su da yawa, ba su fi hamsin ba. Akwai bambanci tsakanin sayar da waƙa da ba da aronta na wani lokaci. Akwai bambanci tsakanin mallakar baitoci da karin waƙa, da mallakar muryar da aka naɗa a situdiyo, kuma kowanne da kuɗinsa. Akwai kalmar da ke nufin ba za ka iya ba wani ba bayan wannan kamfani. Akwai kuɗin somin-taɓi da mawaƙi ke ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a cire daga kasonsa kafin ya ga ko sisi. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta ce sallama haƙƙi sai a rubuce, kuma waƙa tana ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Wato gado ce, kamar gona. Wa zai yarda ya sayar da gonar gidansu da takardar da bai san abin da ke cikinta ba?

Yau kasuwar ta koma YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify ma ya shigo Najeriya a 2021. Masu turin waƙa a memori suna nan, amma kuɗin gaske yana can. YouTube ba ya raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo, sannan ka cike fom, har da na harajin Amurka. In wani ya ɗora waƙarka da sunansa, da Turanci za ka rubuta ƙorafi, a gajarce, da hujja. Waƙar "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020 cewa waƙar Hausa zalla tana iya zagaye duniya. Saboda haka ina jin takaici in na ga yaro yana murɗe harshe don ya yi kama da mawaƙan Legas, alhali bai iya rubuta imel mai layi biyar ba.

Yaranmu kuma nasu nauyin ya fi na 'yan Kano. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, an rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma suka ji tsoron mayar da 'ya'yansu. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtua. Wata da watanni mai son ɗora waƙa sai ya hau mota zuwa Zariya. Bukukuwan da makaɗi ke ci da su sun ragu, hanyoyi sun zama abin tsoro, ajin da ake koyon Turancin ya zama kango a wasu ƙauyukan. Ga shi intanet ta zama babbar mafita a daidai lokacin da harshen shigarta ya yi wa yaro nisa.

Shi ya sa duk Asabar bayan La'asar nake shimfiɗa tabarma a bakin situdiyo. Ba na koyar da nahawu. Nakan ɗauko kwantiragi ɗaya da na goge sunayen da ke ciki, yaro ya karanta sakin layi da ƙarfi, ya faɗa mana da Hausa abin da aka karɓe masa da abin da aka bar masa. Daga nan kowa ya rubuta tarihinsa a layi shida da wasiƙar neman aiki ɗaya. Makon jiya wani ɗan Sabuwa ya kai tsakiyar shafi na biyu ya tsaya, ya ɗora yatsa a kan wata kalma, ya ɗago kai ya ce, "Malam, nan ba su faɗi ranar da za ta dawo hannuna ba." Na miƙa masa biro na ce ya rubuta tambayar a gefen takardar, da Turanci, yadda zai aika musu.