Hawa na 17: Kwamfutar da Ta Yi wa Madoff Shaidar Zur

A ƙarshen Nuwamba 2008, asusun ajiya kusan 4,800 ne a kamfanin Bernard Madoff da ke birnin New York na Amurka. Jimillar kuɗin da ke rubuce a takardun da aka aika wa masu su ta kai dala biliyan 64.8. Ko mako biyu ba a yi ba, ranar 11 ga Disamba, jami'an FBI suka kama Madoff, duniya ta gane cewa kuɗin nan a takarda kawai suke.

Madoff ba ɗan tasha ba ne. Ya kafa kamfaninsa a 1960, yana cikin na farko da suka shigar da kwamfuta cinikin hannun jari, har ya shugabanci kasuwar Nasdaq a farkon shekarun 1990. Halastaccen kasuwancinsa yana hawa na 18 da na 19 na wani dogon bene. Hawa na 17 kuwa ba kowa ke shiga ba. Can ake karɓar kuɗin mutane da sunan za a juya musu, a riƙa ba su ribar kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100 duk shekara, kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi. Ba a sayen komai da kuɗin. A banki ake jibge su, wanda ya nemi nasa a ɗebo daga na sababbin shigowa a sallame shi.

Ƙarya irin wannan tana buƙatar takardu, dubbai duk wata. Aikin wata tsohuwar kwamfuta ke nan, ƙirar IBM AS/400. Ma'aikata sai su duba farashin kwanakin da suka wuce, su zaɓi cinikin da da an yi shi da an ci riba, kwamfuta ta buga shi kamar an yi. Masu rubuta manhaja biyu, Jerome O'Hara da George Perez, su ne suka tsara mata yadda za ta fitar da bayanan bogi ga masu bincike. Frank DiPascali, na hannun daman Madoff, ya shaida wa kotu cewa sun taɓa buga rahoto masu bincike na jira, suka sa shi a firji ya huce, suka yi ta jifa da shi don ya yi kama da tsoho.

An yi gargaɗi tun da wuri. A shekarar 2000, wani masanin harkar kuɗi, Harry Markopolos, ya kai wa hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, lissafin da ke nuna ribar nan ba ta yiwuwa. A 2006 jami'an hukumar suka yi wa Madoff tambayoyi, har ya ba su lambar asusunsa a DTC, cibiyar da ke riƙe da bayanan cinikin da aka yi da gaske. Da sun tuntuɓi cibiyar, da asiri ya tonu a makon. Ba su tuntuɓa ba, suka dogara da takardun da wanda ake zargi ya miƙa musu.

A shekarar nan dai O'Hara da Perez suka ce ba za su ƙara taya shi ƙarya ba. Aka ƙara musu albashi da kusan kashi 25 cikin 100, aka ba kowannensu sama da dala 60,000, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da tattalin arziki ya rikice a 2008, masu ajiya suka nemi kusan dala biliyan 7, Madoff ba shi da su. Ya amsa laifuka 11, ranar 29 ga Yuni 2009 alƙali Denny Chin ya ɗaure shi shekara 150. A kurkuku ya mutu a Afrilu 2021. Masu manhajar nan biyu sun ce umarni kawai suke bi, amma a Maris 2014 kotu ta same su da laifi, kowa ya samu shekara biyu da rabi. Hukuncin ya kamata ya zauna a zuciyar duk mai sana'ata: hannun da ya rubuta manhajar damfara yana cikin damfarar.

Mu ma mun ɗanɗana irinta. Ranar da MMM ta rufe asusun 'yan Najeriya a Disamba 2016, lambobin ribarsu na nan daram a fuskar waya. Rubuta manhajar da za ta nuna maka kuɗinka na hauhawa aikin yini ɗaya ne, kuma za ta nuna ko da babu ko sisi a asusun. Don haka kafin ka zuba jari, ka tambaya: ban da mai manhajar, wa ya ga kuɗin nan da idonsa, kuma zan iya jin ta bakinsa?