Tausayin Malami a Karatun Timbuktu: Misalin Muhammadu Bagayogo

A ƙarni na 16, lokacin da Timbuktu take ƙarƙashin daular Songhai, karatu mai zurfi a birnin bai rataya ga wata hukuma mai ɗaukar ɗalibai ta tsara musu jarrabawa ba. Ɗalibi kan nemi malamin da ya shahara a wani fanni, ya zauna gabansa a masallaci ko a gida, ya karanta littafi daga farko har ƙarshe, sannan ya karɓi ijaza, wato izinin da malami ke bayarwa cewa ɗalibinsa ya cancanci karantar da wannan littafi. Tun da babu wata ƙofa ta ilimi sai ta malamin, halinsa ne ke buɗe wa ɗalibi hanya ko ya toshe masa ita.

Wanda tarihi ya fi adana labarinsa a wannan fage shi ne Muhammadu Bagayogo, wanda aka haifa a Jenne wajen shekarar 1523, ya rasu a Timbuktu a 1594. Bawangare ne, daga al'ummar malamai da fataken nan da Tarihin Kano ya ce wasunsu sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Ɗalibinsa Ahmad Baba, wanda ya lazimce shi fiye da shekara 10, shi ya rubuta tarihinsa a cikin littafinsa Nailul Ibtihaj, kuma abin lura shi ne yadda bayanin haƙurin malamin da kyautarsa ya ci wuri mai yawa a cikin wannan tarihi, kafaɗa da kafaɗa da jerin littattafan da ya karantar.

Bagayogo yakan fara ba da karatu bayan sallar asuba har hantsi, wani lokaci ya tafi wurin alƙali don ya nema wa wani sassauci ko ya sulhunta masu jayayya, ya dawo ya ci gaba har azahar, ya sake zama zuwa la'asar, bayan magariba kuma ya karantar a masallaci har isha'i. Idan ɗalibi mai nauyin fahimta ya kasa gane mas'ala, yakan yi ta maimaita masa ba tare da ya nuna gajiya ko raini ba, har sauran mazauna majalisin su ƙosa, shi kuwa ko a jikinsa.

Batun littattafai ya fi komai bayyana halinsa. A zamanin da kowane littafi sai an kwafe shi da hannu a kan takardar da aka ratso Sahara da ita, littafi dukiya ce da ake ɓoyewa, amma ɗalibi kan tsaya a ƙofar gidansa ya nemi aron wani, ya miƙa masa ba tare da ya san ko shi wane ne ba, kuma ba ya bin sawun abin da ya ba da aro. Ahmad Baba ya taɓa neman littattafan nahawu a wurinsa, sai malamin ya shiga ya binciko duk abin da ya samu ya kawo masa. Littattafansa da dama sun salwanta ta haka, bai kuwa daina ba.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin kyawun hali kawai da ya zo a gefen aikin karantarwa, domin da haƙurin nan ne aka sauke Muwaɗɗa ta Imam Malik da Mukhtasar na Khalil da Tashil na Ibn Malik, kuma da wannan aro ne ɗalibi marar abin hannu ya samu abin karantawa. Bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591, an kwashe Ahmad Baba zuwa Marrakesh a 1594, inda malaman birnin suka riƙa halartar karatunsa. Shi ne kuma ya bayyana Bagayogo a matsayin mujaddadin ƙarni na 10 na Hijira a Timbuktu, wato malamin da ya sabunta wa mutanensa addini.