Sifana a hannun mai mota, daga Tiga zuwa Falgore

Duk bakaniken da ya daɗe a bakin titin da ya ratsa Tudun Wada ya nufi Doguwa ya san wata irin sallama. Za a jawo mota da igiya, mai ita ya fito yana share gumi ya ce, "Oga, muna cikin tafiya kawai ta ɗauke." Kana ɗaga bonet sai ka ga kan noti ya mulmule saboda an sa masa sifanar da ba tasa ba, ga waya an naɗe ta da leda, ga sabon shatin filaya a jikin tiyo. Ka ce, "Alhaji, ba wanda ya taɓa ta?" Sai ya kau da kai ya ce, "Ai dubawa kawai na yi." Yaran gareji su kan juya baya suna ƙunshe dariya, ni kuwa ina hana su, domin mutumin nan yana da dalili. Mutanen wannan yanki ba karambani ne ya fara sa su kwance mota da hannunsu ba, hanya ce ta tilasta musu.

Wanda bai san kudancin Kano ba zai ɗauka ko'ina kamar titin Zariya yake, inda daga Kwanar Dangora zuwa birni ba ka rasa mai faci ko mai wayarin. Amma da ka wuce Tudun Wada sai Dajin Falgore, wanda ya shiga ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma ta cikinsa hanyar Saminaka da Jos ta bi. Ka yi tafiya mai nisa ba gari, ba rumfa. A da tsoron namun daji ne, daga baya ya koma tsoron 'yan fashi da ɓarayin shanu. Direban da motarsa ta tsaya a nan bayan la'asar ba ya da zaɓin jiran gwani. Ko ya tayar da ita da abin da ke cikin but, ko ya kwana da fasinja a inda ba a kwana.

Manyan da muka tarar a wannan sana'a yawancinsu daga manyan motoci suka fito, masu ɗaukar masara da rake da itace, da waɗanda suka yi jigila a wuraren haƙar kuza na Riruwai. Wasu kuma a aikin madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, suka fara riƙe sifana, suna yi wa katafila da tifa hidima. A wancan lokaci ba a zama direba kai tsaye. Sai ka yi shekaru kana yaron mota: kai ne sa weji a hawa, kai ne ɗebo ruwan lagireto, kai ne kwanciya a ƙarƙashin mota kana miƙa wa maigida abin da ya nema. Kafin a ba ka sitiyari ka riga ka san kukan inji mai lafiya da na mai ciwo. Saboda haka kuskuren wancan zamani a hannun yara yake faruwa, gaban maigida, kuma a nan take ake gyara shi.

Wanda aka fi ba da labari shi ne na notin taya. Manyan motoci da yawa, har da Kanta da ta zo daga baya, notin tayoyinsu na ɓangaren hagu baibai yake kwancewa, an yi shi haka ne don kada juyawar taya ta sassauta shi. Sabon yaro bai sani ba. Zai sa sifana, ya zura mata dogon bututu, ya hau da ƙafa yana tsalle, a zatonsa tsatsa ce ta riƙe, alhali ƙara ɗaurewa yake, har ƙarfen ya karye. Na biyunsa shi ne barin man gas ya ƙare ƙarƙaf. Injin gas idan ya shaƙi iska, ko ka cika tanki ba zai tashi ba sai an sassauta an fitar da iskar. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta murza makulli har batir ya mutu, ya tara wa kansa matsala biyu.

Abin ya canja a 1975. A shekarar ne ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kuma a shekarar ne kamfanin Fijo ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin asibiti, waɗanda ba su taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, suka wayi gari da makulli a hannu. Daga nan gyaran mai mota da kansa ya fara zama abin da muke gani a gareji.

Fijo 504 mota ce mai haƙuri, kuma haƙurinta ne ya koya wa mutane ƙarfin hali. Komai nata a fili yake: ga kabureta, ga kwantak, ga fulogi huɗu. Ranar hutu mutum zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kwance fulogi duka lokaci ɗaya, ya wanke su da fetur, ya goge da burushi, ya mayar. Sai a zo wajen wayoyi. Wutar injin tana bin tsari ne, 1-3-4-2, shi kuwa ya zare su bai yi alama ba. Ya jona yadda ya ga dama, ya murza makulli, mota ta yi ƙara kamar bindiga ta salansa, maƙwabta su fito, ita kuwa ta ƙi tashi. Gyaran wannan bai kai minti biyar ba, amma na ga dattijon da ya gwammace ya bar motarsa a rufe da tamfol mako guda da ya aiko a kira mu, don kada a ce malam ya kasa.

Akwai kuma na juye. A ƙarƙashin mota noti biyu ne suke kama da juna, na baƙin man inji da na man giya. Mutum ya kwance na giya, ya ga mai ya zubo, ya ɗaure, ya hau sama ya juye galan ɗin sabon mai a kan tsohon da bai fita ba. Inji ya cika ya batse yana hayaƙi, giya kuma ta bushe. Kafin ya kai Kiru daga Bebeji giyar ta fara kuka. Shi kuwa murfin lagireto, wannan ba na sa shi cikin abin dariya. Idan inji ya yi zafi, ruwan da ke ciki yana cikin matsi, zafinsa ya wuce na tafasa, da ka murɗe murfin sai ya yi tsiri. Akwai tsofaffin direbobi a tashoshinmu da har yau tabon yake a hannunsu da fuskarsu. Mai gaggawa kuma ya kwara ruwan rafi mai sanyi a injin da ya yi zafi, kan silinda ya tsage ko ya lanƙwashe.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka fi ƙarfin talaka. Zuwa Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya zama tafiyar da ake shiryawa, a haɗa saƙon mutum uku a ba direba ɗaya. A wannan zamani dabara ta yi yawa, kuma ba zan raina ta duka ba. Sabulun wanki da ake murzawa a tankin da ya huje yana tsayar da yoyon fetur har ka fita daji. Jarka a kan rufin mota da tiyo zuwa kabureta tana maye gurbin famfon mai da ya mutu, ko da yake wuta tana kusa. Gaskit ɗin kwali yana kai ka gari. Waɗannan duk an yi su ne don a fita daga Falgore, ba don a zauna a kansu ba, sai dai talauci ya sa aka zauna.

Wadda ban taɓa yarda da ita ba ita ce ta birki. Man birki ya ƙare, sai a kaɗa omo da ruwa a zuba, ko a ɗura baƙin mai. Ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi, ya zama tururi, ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Baƙin mai kuwa kumbura robobin ciki yake yi, yau birki yana kamawa, jibi ya saki ko ya riƙe taya. A gangaren ƙasar Doguwa, da lodin masara da mutane a sama, wannan gyaran gangar Auzinawa ne da ake biya da rai. Duk direban da ya zo mini da kumfa a kofin birki, ko ya girme ni, ba na sakaya masa magana.

Sai motocin Kwatano suka shigo, Golf da J5 da Hayis, daga baya Sharon, suka mamaye tashoshi daga Kwanar Dangora har Saminaka. A hankali kabureta ta ba injekta wuri, kwantak ya ɓace, aka sami burenbos, wato 'yar kwamfutar da ke auna mai da iska da wuta. A nan ne tarihin ya juya, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Ilimin da ya ceci iyayenmu a daji shi ne ya koma yana ƙona motocin 'ya'yansu, domin an gaji dabarar amma ba a gaji dalilinta ba.

Dubi gwajin caji. A tsohuwar mota, idan kana so ka san ko tana caji, sai ka zare kan batir tana aiki, in ba ta mutu ba lafiya. Kowa ya ga babansa ya yi. A motar injekta, batir ne yake shanye hauhawar wuta, da ka zare shi wutar tana iya yin tsalle ta shiga burenbos. Haka juya kan batir, ja a wurin baƙi, wanda ake yi da daddare da hasken waya lokacin da ake roƙon wuta daga wata mota. A da abin da za ka rasa na'urar caji ce. Yanzu kana iya rasa fis da na'urar caji da burenbos a ƙiftawar ido. Sai kuma mai otomatik da batir ɗinsa ya yi sanyi, ya tara matasan unguwa su yi ta turawa daga wannan kwana zuwa waccan, bai san irin wannan giya ba ta tashi da turi ba.

Batun tamostat kuwa daga gareji ya fito, masu mota a wurin kanikawa suka koya. An ce wai na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Injin an ƙera shi ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In aka cire tamostat, da asubar hunturu a Riruwai ko Doguwa injin ba ya kai wannan zafi, burenbos kuma yana ɗauka har yanzu ana ɗumama ne, sai ya yi ta ƙara mai. Mota ta riƙa shan fetur, fulogi ya yi baƙi, mai ita ya ce an yi masa algus a gidan mai. Alhali zafin da ya sa aka cire shi tun farko, sau da yawa lagireto ne ya toshe da laka da tsatsar ruwan rijiya. Haka indomi, abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, ana fasa shi a sayar, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a liƙe ta da baƙin salatif. Fitilar nan magana take yi. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta sa kowace sabuwar mota ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da za a jona na'ura ta faɗi inda ciwon yake. Motocin sun iso mana shekaru kafin na'urar ta iso.

Kuma a daidai wannan lokaci matakalar koyo ta karye. Yaro ya yi acaɓa shekara biyu, ya sami mai ba shi Golf, ya zama direba bai taɓa zama yaron kowa ba. Ba maigidan da zai tsawata masa yana kan kuskuren. Malaminsa yanzu waya ce. Ban ƙi bidiyon YouTube ba, ni ma yarana suna nuna mini abubuwa a ciki, amma mai bidiyon motarsa daban, shekararta daban, yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, kuma a tsakiyar daji akwai inda ko sabis babu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba, hannu ya ƙara yawa a cikin bonet. Kowa yana neman yadda zai rage shan mai. Wani ya zare sensa, wani ya matse tiyo, wani ya rage gudun inji har mota tana mutuwa a kowane rami. Sannan kuɗin bakanike ma ya zama nauyi, don haka sai abin ya gagara ake zuwa.

Abin da nake roƙon mai mota, idan ya iso, ya faɗi abin da ya taɓa. Wani matashi ya zo da Sharon a jaye daga wajen Yaryasa, ya ce ita ta mutu da kanta. Muka bi famfon mai, muka bi fulogi, muka kwance abin da bai kamata a kwance ba, rana ta raba. Sai da yaron da ya rako shi ya ce, "Baba, jiya fa da dare an ba mu wuta, sai da ta yi tartsatsi." Na ce wa direban, "Ɗana, da ka faɗa da safe, da tuni ka san matsayinka." Ya sunkuyar da kai ya ce kunya ya ji, motar ba tasa ba ce. Fis ɗin babbar waya ya narke, burenbos ya ƙone. Irin wannan ba a samunsa a Tudun Wada. Sai an cire tsohon an tafi da shi Ƙofar Ruwa an nemo mai lamba iri ɗaya, sannan a sami mai kwamfuta ya daidaita shi da makullin motar, in ba haka ba ko an ɗaura ba za ta tashi ba. Motar ta yi mako a garejin lokacin kakar masara, lokacin da kowace mota a wannan hanya take samun lodi zuwa da dawowa.